Guntun Rago daga Sokode

A Malanbil, bayan mun haye gadar Kwara, wani mai shayi ya tambaye ni inda na nufa. Na ce Sokode, ta ƙasar Togo. Ya ce goro zan saro? Na ce a'a, rago nake nema. Ya ajiye butarsa ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Daga ina kake?"

"Daga Kura, kusa da Kano."

"Ka baro Kano, inda raguna suke kamar jakuna, ka tafi kurmi neman rago? Malam, ko dai rana ce ta buge ka?"

Ni ma tun daga Kamba nake yi wa kaina wannan tambayar.

Sunana Sama'ila, amma a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ba mai kirana haka. Idan-fa suke ce mini. Tun ina firamare, duk abin da aka ce a yi sai na ce, idan fa kaza ya faru? Ni ne mai komawa daga bakin gona don in duba ko na rufe rumbu, in duba, in kama hanya, in sake komawa. Mutum irina ba ya tafiya ƙasar waje don sha'awa. Tumakin Inna ne suka kore ni.

Tumakin nan gadon uwarta ne, ita ma uwar gada ta yi. Da ina yaro garken yakan cika bayan gidanmu. Sai gwamnati ta kawo ruwan kanal, muka shiga noman rani, alkama da tumatir da shinkafa, kowa ya ga arziki. Bakin kanal ya zama kore shar rani da damina, tumaki suna ci har su kwanta. Daga nan suka fara zawo, haɓarsu ta kumbura kamar an rataya musu gora, idan ka ja fatar ido ka ga cikinta fari fat. Malamin dabbobi ya ce tsutsar ciki ce mai shan jini. Ya ce da can ranar bazara ke ƙone 'ya'yanta a ƙasa, yanzu kuwa bakin kanal ba ya bushewa. Ya ɗura musu magani suka miƙe, bayan 'yan makonni suka koma. Daga baya maganin ma ya yi wuyar samu. Garken Inna ya dawo abin da za ka ƙirga da yatsun hannu.

Guda ɗaya ce a cikinsu ba ta taɓa kwanciya ba. Wata shekara motar wani direba da ya zo ɗaukar tumatir ta lalace a bakin titinmu, ya ba mu ajiyar wani ɗan guntun rago da ya ce a zangon Sokode ya saya. Kafin a gyara motar ragon ya yi abin da ya yi. 'Yar da aka haifa gajeriya ce, muka sa mata Guntuwa, yara suna yi mata dariya. Ciyawar da ke kashe 'yan uwanta ita take ci, amma cikin idonta ja wur.

Inna ta ce, "Wannan ba sa'a ba ce, uba ne. Je ka nemo mini irin ubanta."

Na ce, "Inna, idan fa..."

Ta ce, "Ubanka ma da idan-fa ya rayu har ya koma ga Allah. Gado ka yi, ba laifinka ba ne. Tashi."

Daga Malanbil zuwa Paraku motar ta lalace sau da yawa har na daina mamaki. Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Ga nama a ko'ina, amma wa ya yanka? Ga miya, amma me aka sa a ciki? Na riƙe garin rogo da ƙuli-ƙulin da na taho da su, su ne safe su ne rana, har haƙorana suka fara tsami. A tashar Paraku na zauna a gindin wata bishiya ina jiƙa gari, jiri yana ɗibata. Wata tsohuwa mai koko ta jima tana kallona. Ta yi mini magana da yarensu, ban ji ba. Ta miƙo ƙwarya, na girgiza kai. Sai ta sa hannu cikin zaninta ta ciro carbi ta ɗaga shi a gaban fuskata, ta ce, "Bisimilla." Wannan kam na ji. Na sha kokon nan da zafinsa, ta ƙara mini ƙosai. Da na ciro kuɗi ta ture hannuna ta yi tsaki, irin tsakin da Inna ke yi. Na juya baya don kada ta ga idona.

A Jugu na kwana a masallaci, jakata a ƙarƙashin kaina, igiyarta ɗaure a hannuna. Ba wanda ya taɓa ni. Washegari muka shiga ƙasar Togo, duwatsu da itatuwa suka rufe sararin da na saba gani, ruwan sama ya tare mu tun ba a fara shuka a gida ba.

Zangon Sokode kuwa Hausa ake ji, ko da yake ta sha gishirin wasu harsuna. Murna ta sa na saki baki. A majalisar mai masaukina na ba da labarin Inna da Guntuwa daga farko har ƙarshe, na kuma bayyana wa kowa yadda ake jan fatar ido a duba ja. A cikin masu saurare akwai wani dillali, Mumuni, mai fara'a da yawan salati.

"Ɗan uwa, Allah ne ya haɗa mu," in ji shi. "Gobe kada ka wahalar da kanka shiga kasuwa. Ni zan kawo maka."

Da safe na shiga kasuwar duk da haka, don hankalina ba ya kwanciya da abin da ban gani ba. Ga tumakin kurmi nan birjik, irin uban Guntuwa, gajeru, wasu ba su wuce gwiwata ba. Na tsaya ina kallonsu, sai na hango kaina ina jan ɗaya daga cikinsu a kan titin Kura, mutane zaune a bakin shaguna. Mu a wajenmu da girma ake auna rago, da girman ragon kuma ake auna mai shi. Ina cikin wannan tunani Mumuni ya iso da wani rago fari mai baƙin kai, dogo, ƙirji kamar na maraƙi.

"Uwarsa 'yar kurmi ce, ubansa ɗan arewa," ya ce. "Ƙarfin ciki na nan, girma na can. Duba idon da kanka, kai ne malamin."

Na ja fatar idon. Ja kamar garwashi. Sai dai hawaye na zuba.

"Me ya sa yake hawaye?"

"Ya ji za a raba shi da gida. Kai ba ka yi ba da ka baro naka?"

Ni da ke tambayar komai sau bakwai, ranar ban ce idan-fa ba ko sau ɗaya, don abin da zuciyata ke so aka kawo mini. Na saya.

Kafin in sami motar arewa haɓar ragon ta kumbura. Jan idon ya washe ya koma fari kamar alli. Ranar da ya kasa tashi mai masaukina ya ce a yanka kafin ya zama mushe. Da mahauci ya buɗe tumbin ya kira ni in gani: tsutsotsi sirara kamar zare, ja da fari a murɗe, sun lulluɓe bangon. Mumuni kuwa an ce ya tafi Kumasi ganin ɗan uwa. Guzurina ya bi shi.

Ina tsugune a gefen fatar, wani mutum gajere mai faffaɗar kafaɗa ya ɗauki kan ragon ya shinshina idon, ya fashe da dariya.

"Garin taba! Bakano, kai ne ka koya masa abin da za ka duba, shi kuma ya shafa maka shi."

Sunansa Isifu, Bakotokoli ne, wato ɗan ƙabilar garin, shi ne shugaban leburori a wata gonar gwajin tumaki da ke bayan gari. Da ya gama dariyarsa ya zauna kusa da ni ya ce suna neman mutum, sai dai aikin ba kowa ke so ba. Na ce ko dutse ne zan fasa. Ya ce ai da dutse ne da an samu mutane.

Aikin shi ne ɗibar kashin tumaki, ba daga ƙasa ba, daga jikin tunkiyar. A sa safar roba, a sa yatsa a ciro, a zuba a 'yar leda, a haɗa da lambar da ke kunnen tunkiyar, a kai ɗakin likita. Ranar farko na yi aikin, amma da azahar ta yi na tsaya a bakin rijiya na wanke hannu har fata ta yi fari, na kasa tayar da salla. Idan fa ya taɓa rigata? Idan fa duk sallolin da zan yi a garin nan ba su karɓu ba? Da la'asar na tafi wajen limamin zango na faɗa masa. Tsoho ne mai sanyin magana.

Ya ce, "Kana cin naman tunkiya?"

Na ce ina ci.

"To a mazhabarmu, dabbar da ake cin namanta, matuƙar ba ƙazanta take ci ba, kashinta ba najasa ba ne. Wanke hannunka don tsabta, ka yi sallarka. Wasiwasin nan naka ya fi kashin tunkiya haɗari."

Wannan fatawa ta sauke mini dutse daga ƙirji.

Likitar gonar mace ce 'yar ƙasar, kowa Madam yake ce mata. Faransanci take yi, Isifu yana juya mini. Ba ta da yawan dariya, amma ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ni dai halina ban bar shi a gida ba: sai na duba lambar kunne, na ɗebi kashi, na sake duba lambar, na ɗaure leda, na sake dubawa.

"Bakano," in ji Isifu, "tunkiyar nan ba za ta canza kunne ba tsakanin kallo da kallo."

Madam ta tambayi abin da ya ce, ya faɗa mata. Ta ce a ƙyale ni, haka take so. A rayuwata ranar ce ta farko da wani ya ce haka yake son halina.

Wata rana da na kai ledoji ta ce in zo in leƙa madubinta mai ƙara girman abu. Ta jiƙa kashin wata tunkiya ta ɗiga a gilashi. Na sa ido. Na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa cike da fili. Ta ce ƙwan tsutsa ne. Ta canza gilashi ta ce in sake dubawa. Na yi ta nema, da ƙyar na ga guda a can gefe.

"Ka tambaye ta," na ce wa Isifu, "wannan ta biyun magani aka ba ta?"

"Ta ce ba a ba kowa ba. Makiyaya ɗaya, ciyawa ɗaya, ruwa ɗaya."

"To ita ba ta haɗiye tsutsar ba ne?"

Madam ta girgiza kai ta yi dogon bayani, tana nuna cikinta da hannu. Isifu ya sosa ƙeya ya ce, "Bari in faɗa maka yadda na gane. Kowace tunkiya tana haɗiye 'ya'yan tsutsa tare da ciyawa. Amma bangon tumbi da na hanji ba fata ce kawai ba, akwai masu gadi a ciki, garkuwar jiki. A wata tunkiyar, da baƙo ya shigo masu gadin sun gane shi. Sai bangon ya fitar da yauƙi mai yawa, hanji ya yi ta motsi, tsutsa ta rasa wurin kamawa, a share ta waje. Wadda ta samu ta maƙale ma ba ta girma sosai, ba ta yin ƙwai da yawa. A wata tunkiyar kuwa masu gadin barci suke, kafin su farka ɓarawo ya yi ɗaki ya yi aure."

"Ita ce ta ce ya yi aure?"

"Wannan ni na ƙara."

Na ce, to me ke sa na wata su farka na wata su yi barci? Madam ta kama kunnenta, ta nuna hancinta, ta ce kalma ɗaya. Isifu ya ce, "Gado. Ta ce akwai wasu ƙwayoyi ƙanana a jikin kowane mai rai, rabi daga uba rabi daga uwa. Su ke tsara launin gashi da siffar ƙaho, su ne kuma ke tsara yadda masu gadin hanji za su kasance. Ta ce masana ba su gama gano waɗanne ne daga cikinsu ke wannan aikin ba, amma a kashi ana ganin sawunsu. Tumakin nan na kurmi kakanninsu sun daɗe cikin damshi, masu raunin ciki sun mutu, masu ƙarfi suka haihu. Amma ko a cikinsu ba duka ɗaya ba ne. Gajarta ba shaida ba ce."

Na tuna Inna tana cewa ba sa'a ba ce, uba ne. Na so a ce tana nan ta leƙa madubin.

Sai Madam ta juyo da tambaya kaina. "A garinku, idan Babbar Salla ta zo, wane rago kuke sayarwa ko ku yanka?"

Na ce, "Wanda ya fi kyau mana. Ai ba a yi wa Allah layya da rago marar lafiya."

"Wane ne kuma yake hawan tumakin?"

Sai na gane inda ta dosa. Wanda ya rage ne, wanda ba mai saye. Shekara da shekaru muna kai mai lafiya wuƙa, muna bar wa mai zawo garke. Ta ce ba ta ce a yi layya da marar lafiya ba. Cewa ta yi a fara ware uba, sannan a zaɓi na layya daga sauran.

Na yi watanni a gonar nan. Ruwan ƙasar ba ya gajiya, tufafina ba sa bushewa, sakwara ta ƙi zama a cikina kamar tuwon shinkafarmu. Wani lokaci idan ruwa na gudu a lambatun garke sai in ji kamar an buɗe ƙofar kanal, in ɗaga kai in ga duwatsun da ba nawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne damina ta sauka a gida, ita ce kuma lokacin da tumaki suka fi faɗuwa. Idan fa na koma da rago na tarar babu tunkiya ko ɗaya? Na ba wani bafataken goro saƙon baki zuwa Kura, ban san ko ya isa ba.

A cikin ragunan gonar akwai wani baƙi da fari, ƙahonsa ɗaya ya karye tun yana ƙarami, ga faɗa. Duk ranar ɗiba sai ya tunkuyi gwiwata. Leburori suna ce masa Soja. Na lura duk sanda aka zo kan ledarsa Madam ba ta daɗewa a madubi. Na roƙa ta bar ni in riƙa leƙawa, kullum fili fayau. Idonsa kuwa ja, ba kuma hawaye.

Da Salla ta matso aka ware ragunan da za a sayar wa mahauta, sai na ga Soja a ciki. Na ruga wajen Isifu. Ya ce gonar tana son ƙarfin ciki da nauyin jiki a tare, Soja kuwa ya ƙi girma, akwai 'yan uwansa da suka haɗa duka biyun. Na shiga ɗakin Madam ba tare da sallamar kirki ba, na ce a riƙe ladan aikina a ba ni shi.

Ta ce, ta bakin Isifu, "Ban yi maka alkawari ba. Rabin gadon daga uwa yake, ba duka 'ya'yansa za su yi kamarsa ba. Ƙasarku ma daban ce. Wanda ya kwanta ka ba shi magani, kada ka ce jini zai yi komai." Sannan ta yi masa allura, ta ba ni takardar lafiyarsa ta hanya, ta kuma sa aka ba ni kuɗin mota daga ladan da na ce a riƙe. Isifu ya raka ni tasha yana riƙe da igiya.

"Bakano, in ka isa ka ce wa Inna wani Bakotokoli yana gaishe ta. Kuma ka daina koya wa dillalai sana'arsu."

Motar doya na hau, tare da wasu 'yan kasuwa masu manyan raguna na Salla. Tun daga Sokode suke yi mini ba'a. Ɗaya ya ce in saka shi a aljihu kada ya ɓata. Ni dai na rungume shi a ƙirji, idan ruwa ya sauko in lulluɓe shi da rigata in bar kaina. A wani shinge cikin daji wasu masu kaki suka tsayar da mu, suka ce kowa ya sauko da dabbarsa. Babbansu yana zagayawa yana taɓa gadon bayan raguna, yana cewa Salla ta zo, su ma suna da iyali. Ya ware wani babban fari daga na 'yan kasuwar. Ya iso kaina. Na miƙa takarda, bai ko kalle ta ba. Ya dubi Soja, ya dubi karyayyen ƙahon, ya kira abokansa su zo su ga abin dariya.

"Wannan kyanwa ce ko rago? Ɗauke abinka, malam, kada a ce a hannuna ya mutu."

Na ɗauke shi na koma mota ina karanta duk addu'ar da na sani. Daga nan har Kamba ba wanda ya sake yi mini ba'a.

Na isa gida da hantsi, ana jibi Salla. Abin da na ji tsoro ya faru: mutane zaune a bakin shaguna, ni kuma ina jan rago iya gwiwa. Yara suka biyo ni suna ihu. Ardo Buba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan kanal, wanda shi ma tsutsa ta cinye masa rabin garke, ya dogara da sandarsa ya ce, "Kaɗo, wata nawa ka yi a duniya, ɓera ka kamo?"

Ban tsaya ba sai bayan gida. Tumaki uku na tarar, har da Guntuwa. Sauran sun tafi. Inna ba ta tambaye ni hanya ba. Ta durƙusa ta kama kan Soja, ta ja fatar idonsa ta duba, shi kuma ya tunkuye ta. Ta yi dariya ta ce, "Shi ne. Kawo masa ruwa, kai ma ka sha."

Sai wata matsala da ko ni ban hango ba. Ban da Guntuwa, sauran biyun dogaye ne, Soja ya yi ta tsalle ba ya kaiwa. Yadda ragon direba ya yi nasa, Allah kaɗai ya sani. Na kwana biyu ina cewa duk wahalata ta tashi a banza. Inna ce ta ce mu kai su gona. Muka tsayar da tunkiya a cikin fangali, wato kwarin da muke tara ruwa a shuka, shi kuma muka ɗora shi a kan kunya. Masu ban ruwa suka bar aikinsu suka zo kallo, har da masu ba da shawara. An yi shekara ana ba da labarin nan a kasuwar Bunkure.

Da sanyi suka haihu, biyu daga cikinsu tagwaye. 'Ya'yan ba su kai iyayensu mata tsawo ba, sun kuma fi ubansu. Suka tashi a bakin kanal. Kullum da safe sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina jan fatar ido, har suka saba, da sun gan ni sai su miƙo kai. Damina ta zo. Ɗaya ta kumbura, na ba ta magani, ba ta tashi ba, na tuna Madam ba ta yi mini alkawari ba. Sauran kuwa suka ratsa damina suna tsalle, a shekarar da maƙwabta ke jan gawa zuwa bayan gari. Haihuwa ta biyu ta zo, bayan gidanmu ya fara jin kukan da ya manta.

Da wata Sallar ta zagayo, wani mai sayen dabbobi daga Kumbotso ya ga babban ɗan Soja, wanda idonsa ya fi na kowa ja, ya nace sai an sayar masa. Inna ta ce daga bayan zana, "Wannan uba ne, ba na wuƙa ba. Ga ƙaninsa nan lafiyayye, in kana so."

Bayan Sallar da 'yan kwanaki, da sassafe, na ji sallama. Ardo Buba ne, da tumaki a bayansa, duk waɗanda suka rage masa. Ya gyara rawani ya ƙi kallon idona.

"Kaɗo, shiga ka ce wa Inna na zo neman aure wa 'ya'yana."

Inna ta ji shi. Ta ce, "Wane ango, Ardo? Ɓeran?"

"Shi fa. Ai ba a raina siriki."

"To ango ya fita kalaci bakin kanal. A shimfiɗa muku tabarma ku jira, akwai waɗanda suka riga ku."

Na fara lissafin abin da zai iya faruwa: idan fa tumakin Ardo suka kawo wata cuta, idan fa Soja ya gaji, idan fa aka sace shi yanzu da kowa ya san darajarsa. Na buɗe baki ke nan Inna ta ɗaga mini hannu. Tana zaune a kan turmi, wata 'yar tunkiya a cinyarta, ta ja fatar idonta ta juyo mini da shi, ja kamar tumatirin Kura.

"Bar shi, Sama'ila," ta ce. "Kai ka gaji tsoro wajen ubanka, su sun gaji hanji wajen nasu. Duka biyun sun yi mini rana. Ɗauki igiya ka je ka taho da ango."